Ta cika shekara 18 tana jiran amsa: shari'ar wani iyalin Eritiriya da ƙasar Holan

A takardun kotu ba a rubuta sunayensu ba. Iyayen haruffa biyu aka ba su, A da S, 'yarsu kuwa ko harafin ba ta samu ba. Daga farkon hukuncin har ƙarshensa 'yar A da S ake ce mata. 'Yar ƙasar Eritiriya ce. Ta shiga Holan ita kaɗai, babu uwa babu uba, babu wani babba da ke riƙe da ita, kuma ranar 26 ga Fabrairun 2014 ta miƙa takardar neman mafaka. A ranar tana da shekara 17 da kusan wata tara.

Ranar 2 ga Yuni ta cika 18, hukuma ba ta ce uffan ba tukuna. Sai ranar 21 ga Oktoba, bayan kusan wata takwas, aka amsa mata: an ba ta mafaka da izinin zama na shekara biyar. Takardar izinin kuma ta ce lissafin shekara biyar ɗin ya soma tun daga ranar da ta nema, wato 26 ga Fabrairu, lokacin da take yarinya a idon doka. Mai karatu ya riƙe wannan, zai yi amfani a gaba.

Bayan wata biyu, ranar 23 ga Disamba, wata ƙungiya mai taimaka wa 'yan gudun hijira ta shigar da buƙata a madadinta: a ba iyayenta da ƙannenta maza uku bizar shigowa su same ta. Ranar 27 ga Mayun 2015 gwamnatin Holan ta ce a'a. Dalilin da ta bayar shi ne, ranar da aka shigar da buƙatar yarinyar ta riga ta zama babba, don haka gatan da doka ta ware wa yara ya wuce ta. Aka yi ƙorafi, aka yi watsi da shi ranar 13 ga Agusta. Daga nan sai kotu.

Wanda bai san Eritiriya ba zai ɗauka rashin sa'a ce kawai ta sa shekarunta suka zo a kan gaɓa. Akwai abin da ke jawo haka. A dokar ƙasar ta 1995 bautar ƙasa wata 18 ce, amma tun 2002 aka mai da ita mara wa'adi, mutum ya san ranar shiga bai san ranar fita ba. Tun 2003 kuma a sansanin soja na Sawa, can yamma kusa da iyakar Sudan, ake yin ajin ƙarshe na sakandare. Yaro yana hango Sawa sai hankalinsa ya koma kan iyaka. Ya tsallaka Sudan ko Habasha, ya share watanni a Kartum yana jiran a turo masa kuɗi, ya keta sahara zuwa Libiya, ya sake zaman jiran jirgin ruwa. Kafin ya taka Turai shekara ta tafi. Alƙaluman Tarayyar Turai sun daɗe suna nuna cewa fiye da rabin yaran da ke neman mafaka ba tare da babba ba 'yan shekara 16 ne da 17. Ke nan tambayar da wannan iyali ya kai kotu ta dubban iyalai ce.

Ƙofofin da ke gabansu

Yarjejeniyar Geneva ta 1951, wadda ita ce uwar dokokin gudun hijira, ba ta da sashe ko ɗaya da ya wajabta a haɗa ɗan gudun hijira da iyalinsa. Shawara ce kawai aka maƙala a takardar rufe taron, cewa gwamnatoci su kiyaye iyali kada ya tarwatse. Yarjejeniyar haƙƙin yara ta 1989 ta ɗan matsa gaba, sashenta na 10 ya ce a duba irin wannan buƙata da kyakkyawar niyya, da jinƙai, da hanzari. A duba aka ce. Lauya ba zai ci shari'a da waɗannan kaɗai ba.

Wadda ake iya kama gwamnati da ita a gaban alƙali ita ce dokar haɗa iyali ta Tarayyar Turai mai lamba 2003/86, ta ranar 22 ga Satumban 2003. A kan batun iyaye ta raba mutane gida biyu. Babba da ke son kawo mahaifinsa ko mahaifiyarsa, sashe na 4 ya bar wa kowace ƙasa ta yi yadda ta ga dama, kuma ko ta yarda sai an nuna cewa iyayen da shi suka dogara, ba su da mai tallafa musu a gida. Amma yaron da ya shigo shi kaɗai aka ba shi mafaka, sashe na 10 sakin layi na 3 ya ce tilas ne ƙasar ta bar iyayensa su shigo su zauna. Ba a tambayar ko sun dogara da shi. Ba ganin dama ba ne, haƙƙi ne. Tsakanin gida na farko da na biyu ba komai sai ranar haihuwa.

Idan wannan ƙofa ta rufe, saura sashe na 8 na yarjejeniyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai, mai kare rayuwar iyali. Kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai da ke Strasbourg ta taɓa kama Holan ɗin da laifi a kansa a Disamban 2005, a shari'ar wata uwa 'yar Eritiriya da aka hana ta ɗauko 'yarta da ta bari a gida lokacin yaƙi. Sai dai wannan sashe awo ake yi da shi, a ɗora buƙatar iyali a gefe, a ɗora ikon ƙasa na tsare iyakarta a ɗaya gefen. Tsakanin babba da iyayensa kuma kotu kan nemi a nuna dogaro na musamman da ya wuce shaƙuwar da kowane ɗa yake da ita da mahaifansa. Kewa ba ta isa ba, kuka a waya bai isa ba. Yarinya mai shekara 18 lafiyayya, da iyaye lafiyayyu, da wuya ta haye wannan.

Sauran hanyoyin ba su da tsawon bayani. Sake tsugunarwa ta hannun hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ba abin da mutum ke cika takarda ya nema ba ne, zaɓarsa ake yi, kuma waɗanda ake ɗauka a shekara ba su kai ɗaya cikin ɗari na 'yan gudun hijirar duniya ba. Bizar ziyara kuwa sai ma'aikacin jakadanci ya gamsu za ka koma, wa zai gamsu da uban da 'yarsa ta samu mafaka daga ƙasar da zai koma? Sai ta ƙarshe, wadda ba ta cikin kowane kundi: hannun masu safarar mutane. Ranar 3 ga Oktoban 2013, ƙasa da wata biyar kafin yarinyar nan ta miƙa takardarta, jirgin ruwa ya nutse daf da tsibirin Lampedusa na Italiya da mutum fiye da 360, akasarinsu 'yan Eritiriya.

Tarkon da ke cikin dokar

Ga inda gizo ke saƙar. Sashe na 3 na dokar ta 2003 ya ce ba ta shafi wanda ke jiran amsar neman mafakarsa ba. Wato daga Fabrairu zuwa Yunin 2014, lokacin da yarinyar take ƙasa da 18, ba ta da damar neman a kawo iyayenta, domin ba a amsa mata ba tukuna. Ranar da aka amsa mata, damar ta buɗe, sai aka ce ai kin girma. Babu yini ɗaya a rayuwarta da sharuɗɗan biyu suka haɗu. Kuma ba ita ta riƙe fayil ɗin ba. Ta zo a kan lokaci, ta nema a kan lokaci, ta je hirar da aka kira ta. Tarin takardun da ke kan teburin hukuma ne ya cinye yarintarta.

Dokar kanta ba ta faɗi ranar da za a duba shekarun yaro ba. Ta dai bayyana shi da cewa wanda bai kai 18 ba da ya shigo ƙasa ba tare da babban da ke da alhakinsa ba, bisa doka ko bisa al'ada. Kotun Holan ta yankin Hague, da ta zauna a Amsterdam, ta ga ba za ta iya yanke hukunci ba sai an warware wannan, sai a Oktoban 2016 ta aika tambaya zuwa Kotun Tarayyar Turai da ke Luksambog, wadda ita ce ke da ikon fassara dokokin Tarayyar ga dukkan ƙasashen. Shari'ar ta samu lamba C-550/16.

A can kowa ya zo da ranarsa. Iyayen suka ce a duba ranar da ta shigo. Hukumar Tarayyar Turai ta ce ranar da aka shigar da buƙatar haɗa iyali. Gwamnatin Polan ta ƙara nisa, ta ce ranar da aka yanke shawara kan buƙatar. Ita kuwa Holan ta ce tunda dokar ta yi shiru, a bar kowace ƙasa ta zaɓi ranar da ta yi mata. Babban lauya mai ba kotun shawara, Yves Bot, ya goyi bayan iyalin a ra'ayin da ya gabatar ranar 26 ga Oktoban 2017.

Ranar 12 ga Afrilun 2018 kotu ta yanke hukunci. Ta fara da ture maganar Holan: haƙƙi ne da dokar Tarayya ta bayar ba tare da barin zaɓi ba, ba zai yiwu yaro ya zama yaro a wannan ƙasa ya zama babba a maƙwabciyarta ba. Sannan ta ce wanda ya shigo kuma ya nemi mafaka yana ƙasa da 18, ya cika 18 ana cikin duba takardarsa, daga baya aka ba shi mafaka, yaro ne a ma'anar wannan sashe.

Hujjarta ta farko ita ce ba hukuma ke mai da mutum ɗan gudun hijira ba. Halin da ya gudo wa ne ya mai da shi haka, hukuma tabbatarwa kawai take yi. Ranar suna ba ita ce ranar da jariri ya zo duniya ba, ya riga ya kwana bakwai kafin a raɗa masa. Holan ma da kanta ta yarda da wannan ba tare da ta lura ba, tunda ta mayar da farkon izinin zaman yarinyar zuwa 26 ga Fabrairu. Takarda ɗaya ta ce ke 'yar gudun hijira ce tun kina 17, wata takardar daga ma'aikata ɗaya ta ce ba ki taɓa zama yarinya 'yar gudun hijira ba.

Hujja ta biyu ta fi ta farko kaifi a ganina. Kotu ta ce a ɗauki yara biyu sa'o'in juna da suka nemi mafaka rana ɗaya. Fayil ɗin ɗaya ya faɗa hannun ma'aikaci mai sauri, na ɗayan ya maƙale. Na farko ya ga iyayensa, na biyu bai gansu ba, alhali ba abin da ya bambanta su sai abin da ba su da iko a kai: yawan aikin ofis, adadin ma'aikatan da gwamnati ta ga damar ɗauka, da takardun da ta zaɓi ta fara dubawa. Ta kuma nuna cewa irin wannan fassara, maimakon ta sa hukumomi su gaggauta duba takardun yara kamar yadda doka ta umarce su, tana iya jawo akasin haka. Alƙalai ba su zargi kowa da jan ƙafa da gangan ba, amma mai hankali ya gane: idan jinkiri yana rage wa gwamnati yawan waɗanda za ta karɓa, ba a bar agogon a hannunta.

Amma kotun ba ta bar ƙofar a wangale ba. Ta ce wanda ya girma a cikin jira ba zai riƙe wannan haƙƙi har abada ba, dole ya nema cikin lokaci mai ma'ana, wanda a ƙa'ida wata uku ne daga ranar da aka amince da shi. 'Yar A da S ta nema cikin wata biyu da kwana biyu. Ranar da aka karanta hukuncin saura ƙasa da wata biyu ta cika shekara 22. Kotun Luksambog fassara take bayarwa ba biza ba, don haka fayil ɗin ya koma wa alƙalin Holan ya yi aiki da amsar.

Ya kamata a yi wa ɗaya ɓangaren adalci. Gwamnatocin Turai suna da wata fargaba da suke yawan faɗa, cewa irin wannan haƙƙi yana sa iyaye su tura yaro gaba cikin haɗarin sahara da teku don ya zama tsanin da sauran za su hau. Ba ƙarya ba ce gaba ɗaya, duk wanda ya san yadda ake haɗa kuɗin tafiya a dangi ya san akan yi wannan lissafi. Sai dai in wannan ce damuwar, wurin maganinta majalisa ne, a fito fili a gyara doka a kare gyaran a gaban jama'a. Barin haƙƙin a rubuce sannan a bar jinkirin ofis ya riƙa kashe shi a ɓoye, yau ya ci wannan gobe ya bar wancan, bai hana kowa turo yaro ba. Caca kawai ya mai da abin.

Bayan hukunci

Ba kowa ne ya bi nan take ba. Jamus ta ce dokarta daban ce, tunda a can izinin zaman iyaye yana ƙarewa ranar da yaron ya cika 18, don haka ofisoshin jakadancinta suka ci gaba da ƙin ba da biza idan yaron ya girma kafin su yanke shawara. Sai da babbar kotun harkokin mulki ta Jamus ta aika tata tambayar, Luksambog ta amsa ranar 1 ga Agustan 2022 a shari'ar wasu iyaye 'yan Siriya: ranar yanke shawara kan biza ba ita ce abin dubawa ba, kuma izinin zaman da za a ba iyayen bai kamata ya gaza shekara guda ba. Shekara huɗu da 'yan watanni ke nan tsakanin hukuncin farko da na biyu, yara nawa suka girma a ciki.

A rana ɗaya kotun ta juya tambayar ta ɗaya fuskar, wadda ta fi yawa a zahiri: uba ne ya yi gaba, 'ya'ya na baya. Wata yarinya 'yar Siriya da ke zaune a Turkiyya, mahaifiyarta ta rasu, mahaifinta ya nemi mafaka a Jamus a 2016 tana da shekara 17, aka amsa masa a 2017 bayan ta cika 18. Kotu ta ce ranar da uban ya nemi mafaka ita ce ma'auni, muddin an shigar da buƙatar cikin wata uku da amsa masa. Ta ƙara da cewa ba a buƙatar su zauna ɗaki ɗaya ko ɗaya ya ciyar da ɗaya kafin a yarda akwai zumunci na gaske a tsakaninsu. Ziyara lokaci zuwa lokaci idan ta yiwu, da tuntuɓar juna a kai a kai, suna iya wadatarwa.

Cin shari'a a kan rana bai kawo kowa filin jirgi ba. Holan ta rufe ofishin jakadancinta na Asmara, babban birnin Eritiriya, tun kafin wannan shari'a, kuma ɗan Eritiriya ba ya fita ƙasarsa sai da izinin fita wanda da wuya a ba mai shekarun bautar ƙasa. Ke nan iyalin da aka amince musu su shiga Turai ta halal, sau da yawa sai sun fara tsallake iyakar ƙasarsu a ɓoye kafin su isa Adis Ababa ko Kartum inda za a karɓi takardunsu. Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 ofisoshin jakadancin Turai suka kwashe ma'aikatansu daga Kartum, wannan hanya ma ta toshe. A watan ne kuma, ranar 18, kotun Luksambog ta faɗa wa Beljiyam, a shari'ar wata mata da 'ya'yanta da suka maƙale a Afrin ta arewacin Siriya, cewa ba za a tilasta wa mutum ya bayyana da kansa a ofishin jakadanci don shigar da buƙata ba idan isa can ya gagara ko ya yi tsanani ƙwarai. Ana iya neman ya zo daga baya, amma a karɓi buƙatar tukuna, domin wata ukun ba sa jira.

Sai takardu. A nuna cewa wannan ce uwar, wannan ne uban. Iyalai da yawa abin da ke hannunsu takardar baftisma ce ta coci, ko katin sakamakon makaranta, ko hoton biki da ya sha ninki. Wanda ya ce bari ya je ofishin jakadancin Eritiriya ya nemi takardar gwamnati, za a tambaye shi harajin kashi biyu cikin ɗari da ake karɓa daga 'yan ƙasar mazauna waje, in kuma ya fita ba izini a miƙo masa takardar nadama ya sa hannu, yana amsa laifi yana yarda da hukuncin da zai biyo. Dokar ta 2003 ta hango wannan, sashe na 11 ya ce ba a ƙin buƙatar ɗan gudun hijira don rashin takardar hukuma kaɗai, a duba wasu shaidu. A aikace wannan yana nufin a goga auduga a cikin kumatun uwa a ofishin jakadanci, a goga a na ɗa a Turai, a kai ɗakin gwaji a gwada jini ɗaya ne ko a'a. Ko kuma a zaunar da su daban daban da tafinta a yi musu tambayoyi iri ɗaya: ɗaki nawa ne a gidan, wa ke kwana da wa, ina ake ɗebo ruwa, mene ne sunan makarantar, wane ne maƙwabcin hannun dama. Yaron da ya bar gida yana 15 ya ce ɗaki uku, uwar ta ce biyu domin ba ta ƙirga rumfar da aka kewaye ba, sai a rubuta cewa maganganunsu sun saɓa.

Gwajin jini kuwa ba ya ganin riƙo, kuma nan ne abin ya fi kusa da mu. A ƙasar Hausa yaro nawa ne goggo ko inna ko kaka ta yaye shi ta aurar da shi, bai san wata uwa ba sai ita? Tilas ɗin da ke sashe na 10 uwa da uba kawai ya ambata. Mai riƙo da sauran dangi an bar wa ƙasa ganin dama, shi ma idan yaron ba shi da iyaye ko an rasa inda suke. Kishiyar uwa ba ta ciki. Namijin da ke da mata fiye da ɗaya kuma, dokar ta hana a shigo masa da ta biyu idan yana tare da ɗaya. A Maris ɗin 2019 kotun ta duba shari'ar wata 'yar Eritiriya da ke Holan wadda ta ce ita ta riƙi ɗan 'yar'uwarta tun rasuwar iyayensa, yaron kuma yana Sudan. Holan ta ƙi saboda ba ta kawo takardar shaidar mutuwar iyayen ba, kuma rahotannin da hukuma ke da su sun ce ana samun irin wannan takarda a Eritiriya. Kotu ta ce ba a auna mutum da rahoton ƙasa gaba ɗaya a ƙyale halin da shi kansa ya shiga kafin gudu da bayansa. Matasan Hausawan Sudan, na Kassala da Gadarif da yankin Shuɗin Nilu, duk wanda yaƙin nan ya kora har ya kai Turai, wannan doka ce za ta hau kansa, da tambayoyinta na takardar haihuwa da wa ya haifi wa. Wanda ba shi da takardar haihuwa kuma a Holan ana iya ɗaukar hoton ƙashin hannunsa da na wuyansa a ƙiyasta shekarunsa, kuma shekarun da aka rubuta masa a gurguje ranar da ya sauka a gaɓar Italiya suna iya binsa har can.

Ƙanne ma sashen bai ambace su ba. Tambayar da aka kai Luksambog a 2016 ta iyaye ce, ba ta yaran nan maza uku ba. A Jamus 'yan'uwan yaron sai sun cika wasu sharuɗɗa dabam ko a nuna matsanancin hali, har akan samu uwa ta tafi uba ya zauna da sauran, iyalin da aka ce za a haɗa ya sake rabuwa ta wani wajen. Kotu ta ɗan taɓa wannan ranar 30 ga Janairun 2024 a shari'ar wani yaro ɗan Siriya da ke Ostiriya. Iyayensa sun fara nema wata uku da kwana ɗaya bayan an sanar da shi mafakarsa, lokacin bai kai 18 ba. Yana da 'yar'uwa babba mai larurar ƙwaƙwalwa da ta shanye mata jiki, a keken guragu take, sai an ba ta abinci a baki, mahaifiyarsu ce ke kula da ita. Kotu ta ce wa'adin wata uku ba ya hawa kan wanda yake yaro lokacin da aka nema. Ta ce ba a tambayar yaro ko iyayensa gida ko inshorar lafiya ko albashi. Ta kuma ce dole a ba 'yar'uwar izinin zama ita ma, domin iyayen ba za su iya barinta su taho ba, hana ta daidai yake da hana yaron iyayensa. Hukunci ne mai kyau, amma ƙunci gare shi: sai dogaron ya kai wannan matsayi.

Duk abin da aka faɗa a sama na wanda aka ba cikakken matsayin ɗan gudun hijira ne, a ƙasar da dokar ta ɗaure. Denmak da Ailan ba sa cikinta. Birtaniya ba ta taɓa shiga ba ko lokacin da take Tarayyar, ƙa'idojinta ba su ba yaro ɗan gudun hijira damar kawo iyayensa ba, kuma a Satumban 2025 ta dakatar da karɓar sabbin buƙatu ta hanyar haɗa iyalin 'yan gudun hijira. A cikin Tarayyar ma akwai kariya ta mataki na biyu, wadda ake ba wanda ya gudo wa yaƙi ko azabtarwa amma ba a yarda shi ake farauta a kan kansa ba, kuma dokar 2003 ta cire masu ita. Lokacin shari'ar A da S Holan ba ta bambanta matsayin biyu wajen haɗa iyali. Taƙaddama kan taƙaita shigowar iyalan waɗanda suka gudo wa yaƙi ce ta rusa gwamnatin Holan ta firaminista Mark Rutte ranar 7 ga Yulin 2023.

Tun da aka rasa damar wasa da rana, gardamar ta koma kan wane matsayi za a ba mutum tun farko. Jamus ta dakatar da haɗa iyalin masu kariya ta mataki na biyu daga Maris ɗin 2016 zuwa Yulin 2018, daga Agustan 2018 ta ƙayyade biza 1,000 a wata ga duniya baki ɗaya, sannan a Yulin 2025 ta sake dakatarwa na shekara biyu, sai dai wanda ya nuna matsanancin hali. Yaron da yake da shekara 16 lokacin da dakatarwar ta soma zai cika 18 kafin ta ƙare, kuma hukuncin 2018 bai shafe shi ba, domin dokar da aka fassara a cikinsa ba ta san da masu irin takardarsa ba.